Ledar Jini: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Likita Ya Ce a Nemo

Har yau babu masana'antar da ke ƙera jinin ɗan Adam. An ƙera ƙafar roba, an ƙera na'urar wankin ƙoda, amma jinin da za a ƙara wa marar lafiya dole ya fito daga jijiyar wani mai rai da ya yarda ya miƙa hannunsa. Shi ya sa idan likita ya leƙo daga ɗakin haihuwa ya ce a nemo jini leda biyu, sai ka ga dangi sun watse, kowa da waya a kunne, ana kiran ƙane da maƙwabci da abokin kasuwa. Wani ya zo a ce nasa bai dace ba. Wani a ce shi ma bai da isasshe. Wani kuma a ja shi gefe a gaya masa cutar da bai taɓa sanin yana ɗauke da ita ba. Ana wannan kai-komon ne alhali mace tana kwance jini na zuba, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2 idan ba a tare shi ba. Jinin da zai cece ta kamata ya yi a ce yana cikin firjin asibiti tun kafin naƙuda ta kama ta.

Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5. Ido na ganinsa abu guda, ja wur, amma idan aka zuba shi a kwalbar gwaji aka juya shi da na'ura sai ya rabu, kamar ƙullun koko da ya kwana: gasara ta kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Abin da ya kwanta su ne jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu su rarraba ta ko'ina a jiki. Ruwan saman, mai launin ruwan ɗorawa, shi ne filasma, kuma ya ɗan haura rabin jinin, kusan kashi 55 cikin 100. A tsakaninsu akwai siririn layi fari-fari. Nan fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta suke, tare da wasu ƙananan ɓarɓashi da ke toshe rauni su sa jini ya daskare, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filetilet. Ɓargon ƙashi ne ke ƙera ƙwayoyin nan ba dare ba rana. Jar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki, ta tsufa, saifa ta tsince ta, sabuwa ta maye gurbinta.

A bayan kowace jar ƙwaya akwai wasu alamomi da mutum ya gada daga uwa da uba. Manyan cikinsu biyu ne, A da B. Mai alamar A kaɗai rukuninsa A, mai B kaɗai rukuninsa B, wanda ya haɗa duka biyun shi ne AB, wanda ba shi da ko ɗaya kuma shi ne O. Hatsarin yana cikin filasma. Tun mutum yana jariri jikinsa ke tanadar dakaru masu far wa alamar da ba tasa ba. Mai rukunin A yana da dakarun da ke kai wa B hari, mai B yana da na A, mai O yana da duka biyun, mai AB kuwa ba shi da ko ɗaya. Idan aka yi kuskure aka ɗura wa mai O jinin A, dakarun nan za su rufar wa baƙin ƙwayoyin su farfasa su a cikin jijiya. Cikin mintuna sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon baya, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ƙoda ta tsaya, wani lokaci rai ya yi halinsa. Don haka idan nas ta tambaye ka sunanka sau biyu ko uku, tana duba takardar da ke jikin leda kafin ta rataya ta, kada ka ƙosa. Mafi yawan irin wannan masifa daga musanyar suna ko lamba take faruwa.

An daɗe ana asarar rayuka kafin a gano wannan. A 1667 wani likita a birnin Faris, Jean-Baptiste Denys, ya ɗura wa mutane jinin ɗan rago da na maraƙi, har mutuwar ɗaya daga cikinsu ta jawo aka hana aikin. A 1818 James Blundell, likitan mata a Landan, ya koma amfani da jinin mutum, saboda ganin yadda mata ke mutuwa da zubar jini bayan haihuwa. Wasu sun rayu, wasu sun mutu, ba wanda ya san dalili. Sai a 1901 Karl Landsteiner, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan jinin wancan, ya lura wasu suna cuccurewa wasu kuma ba sa yi. Da haka ya fitar da rukuni 3, abokan aikinsa suka gano AB a 1902. An ba shi kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce ranar masu ba da jini ta duniya.

Akwai alama ta uku da Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940, wadda ake kira Rh. Mai ita shi ne fozitif, marar ita negetif. Ita ce ƙaramar alamar ƙari ko ragi da kuke gani kusa da harafin rukuninku, kuma da ita rukunan suka zama 8. Jajayen ƙwayoyin O negetif ba su da A, ba su da B, ba su da Rh, saboda haka su ake rataya wa wanda aka kawo cikin jini babu lokacin gwaji. A Najeriya kusan rabin jama'a 'yan rukunin O ne, AB shi ne mafi ƙaranci. Masu negetif kuwa ba su da yawa a Afirka ta Yamma, kimanin 5 cikin 100, alhali a Turai sun kai wajen 15. Ma'ana, ranar da mai negetif ya buƙaci jini a garuruwanmu, neman ya fi wuya. Duk wanda ya san shi negetif ne, ya kyautu ya san wasu irinsa, ya kuma bar lambarsa a ɗakin ajiyar jini na asibiti mafi kusa.

Inda Rh ya fi taɓa gidajenmu shi ne wajen haihuwa, kuma nan nake so iyaye mata da ungozomomi su natsu. A ce uwa negetif ce, miji fozitif, ɗan cikin ya gado ubansa. Cikin fari yawanci lafiya lau yake zuwa. Amma a lokacin haihuwa, ko ɓari, ɗan jinin jaririn yakan tsallaka cikin na uwa, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya tanadi dakaru. A ciki na gaba, idan shi ma fozitif ne, dakarun nan sai su ratsa mahaifa su shiga farfasa jinin ɗan tayi. A haifi jariri ya yi shawara tun a ranar farko, ido da jiki su yi rawaya, ko a haife shi a kumbure, ko ya zo babu rai. Na uku ya bi na biyu, na huɗu ya bi na uku. A gida sai a ce wabi take yi, a shiga neman taimako nan da can, wani lokaci a ɗora wa kishiya ko iska. Ba kowane wabi ba ne daga Rh, akwai sikila da zazzaɓi da sauran dalilai, amma wannan kam yana da rigakafi tun shekarun 1960. Allura ce da ake kira anti-D, a yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, a wurare da dama kuma a ƙara yi mata tun ciki yana wajen mako 28. Tana da tsada, ba a ko'ina ake samunta ba, kuma idan jikin uwar ya riga ya tanadi dakarun, allurar ba ta warware su. Shi ya sa gwajin rukunin jini a awon cikin fari ya fi kowane muhimmanci. Bambancin Rh ba ya hana aure. Sani kawai yake buƙata, da tanadin kuɗin allurar tun kafin watan haihuwa ya tsaya.

Mutane da yawa suna haɗa rukunin jini da jinotayif, alhali kowanne da inda ya dosa. Rukuni alama ce a bayan ƙwaya. Jinotayif, wato AA da AS da SS da makamantansu, yana magana ne a kan sinadarin da ke cikin ƙwayar, kuma shi ake dubawa don gudun haifar mai sikila. Yana cikin gwaje-gwajen da dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure. Mutum na iya zama O fozitif kuma AS, ko B negetif kuma AA. Mai AS lafiyayye ne, kuma yawanci yana iya ba da jini. Mai SS shi ne mai yawan buƙata, domin jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. A Najeriya ana haifar kimanin jarirai 150,000 masu wannan cuta duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, A da B da Rh kaɗai ba sa isarsu, domin masana sun san tsarin rukunan jini sama da 40, kuma jinin da ya fi dacewa da su yakan fito ne daga masu asali ɗaya da su. Wannan ne ya sa hukumar jini ta Ingila take ta kiran 'yan asalin Afirka da ke zaune can su fito su bayar.

Wata magana a gefe, don ta sha rusa zaman lafiya. Uba mai rukunin A da uwa mai rukunin B suna iya haifar A, ko B, ko AB, ko O, domin kowannensu na iya ɓoye gadon O a tare da shi. Uba AB da uwa O kuwa 'ya'yansu A ne ko B, ba mai kama da ɗayansu. Kada wanda ya ga takardar gwajin ɗansa ta bambanta da tasa ya yanke hukuncin da zai yi nadama.

Leda ɗaya da aka ɗiba, idan asibiti yana da na'urar rabawa, tana iya amfanar mutum uku. Jajayen ƙwayoyi ana ajiye su a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, su yi kwana 35 zuwa 42. Su ake ba mai jego da ta zubar da jini, da wanda ya yi hatsari, da mai sikila, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini har tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat, yana numfashi sama-sama. Irin wannan yaro ƙwayoyin yake buƙata, ruwan kuwa idan ya yi yawa yana iya nauyaya wa zuciyarsa. A ƙasashe matalauta fiye da rabin jinin da ake ƙarawa yana iya tafiya ga yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Filasma daskarar da ita ake yi ta zama ƙanƙara, ta kai shekara ko fiye. Ita ke ɗauke da sinadaran daskarar da jini. Mai son ya san amfaninsu ya dubi wanda kububuwa ta sara: dafin yana cinye su, sai jini ya riƙa tsattsafowa daga dasashi da tsohon tabo, ya ƙi tsayawa. Maganin wannan allurar kashe dafi ce, amma ya nuna halin da jiki ke shiga idan sinadaran suka ƙare, kamar yadda yake faruwa ga mai tsananin ciwon hanta ko macen da ta zubar da jini mai yawa. A nan lissafin rukuni juyawa yake yi, filasmar mai AB ce ke shiga jikin kowa. Daga cikin filasma kuma ake tace wani ɓangare mai kauri da ake ba masu cutar nan ta gado da ke hana jini tsayawa, wadda a wurinmu sau da yawa sai ranar kaciya ake gano yaro yana da ita.

Filetilet su ne masu wuyar sha'ani. Ba sa son firji, sai ɗaki mai digiri 20 zuwa 24, a kan na'urar da ke jijjiga su ba tsayawa, kuma duk da haka kwana 5 zuwa 7 kawai suke yi. Masu sankarar jini da waɗanda ke shan maganin daji su suka fi buƙatarsu. A yawancin asibitocinmu na ƙananan garuruwa babu na'urar rabawa, babu tsayayyar wuta, saboda haka jinin ake bayarwa ɗungurungum yadda aka ɗebo shi. Yana ceton rai, amma leda ɗaya ta tafi ga mutum ɗaya ke nan. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan gwamnatoci, kuma ya cancanci a riƙa tambayarsu a kai.

To, me ke hana mutane bayarwa? Tsoro ne mafi yawa. Wani ya ce jininsa zai ƙare, wani ya ce ƙarfinsa na namiji zai ragu, wani ya ce ba ya cin mai kyau. Abin da ake ɗiba kimanin mililita 450 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na jinin baligi ba. Ruwan yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Babu abin da ya haɗa shi da ƙarfin namiji ko haihuwa. Mu da muka saba zama gaban wanzami ya kafa mana ƙaho, ba mu ne za a tsorata da fitar jini ba. Ga yadda abin yake: za a auna nauyinka da hawan jininka, a soki ɗan yatsa a ga ko jininka ya isa, a yi maka tambayoyi a keɓe. Ka kishingiɗa, a ɗaure damtse, a goge gwiwar hannu, a sa sabuwar allura da ke haɗe da ledarta, wadda ba a taɓa amfani da ita ba kuma ba za a sake ba. Kana matsa ɗan ƙwallo a tafin hannu, cikin minti 10 leda ta cika. Ka huta kaɗan, ka sha ruwa ko lemo, ka guji aikin ƙarfi a ranar. Ana karɓar mai shekara 18 zuwa 65 wanda ya kai kilo 50. Mai ciki da mai shayarwa da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba su dakata. Wanda ya yi ƙaho ko tsaga kwanan nan ya faɗa, domin akan ɗaga masa zuwa wasu watanni. Ta fuskar addini, malamai sun halatta bayarwa da karɓa don ceton rai, sun kuma bayyana cewa ƙarin jini ba ya haramta aure tsakanin mai bayarwa da mai karɓa kamar yadda shayarwa take yi.

Kowace leda sai an gwada ta a kan cututtuka 4: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Sai dai gwaji yana da makanta. Wanda ya kamu da cuta kwanan nan, tana iya ɓuya na wasu kwanaki ko makonni ba ta fito ba. Abin da ke rufe wannan kafa shi ne gaskiyar mai bayarwa a lokacin tambayoyi, kuma a nan ne bambancin masu bayarwa yake fitowa. Mutumin da ke rakuɓe a ƙofar asibiti yana jiran a saye jininsa, talauci ne ya kawo shi, kuma ba zai faɗi abin da zai hana shi kuɗin ba. Yakan sayar a nan yau, ya sayar a can bayan mako biyu, har jinin ya tsinke, ya cutu, wanda aka ƙara wa ma bai samu abin kirki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wannan ciniki a Najeriya, amma bai daina ba, domin firji babu kowa. Ɗan uwa da aka taso da tsakar dare shi ma yana cikin matsi. Da wuya ya iya cewa kada a ɗauki nasa alhali surukai na tsaye a bakin ƙofa. Akwai ma abin da ba kowa ya sani ba: likitoci ba sa son miji ya ba matarsa da ke cikin shekarun haihuwa jini kai tsaye, domin jikinta na iya tanadar dakaru a kan alamomin da 'ya'yansu na gaba za su gada daga gare shi. Gara ya bayar a ajiye, a ba ta na wani. Jinin da ya fi aminci shi ne na mai sa kai, wanda ya zo da ƙafarsa ba don kowa ba, kuma yake dawowa lokaci bayan lokaci ana gwada shi.

Na san ƙorafin da ke biyo baya, kuma yana da tushe: ni na bayar kyauta, ga shi ana karɓar kuɗi a hannun marar lafiya. Leda da kayan gwaji da man janareta duk kuɗi ne, abin da ake cewa ana biya ke nan. Amma haƙƙin jama'a ne a rubuta kuɗin a fili, a ba da rasit, kuma kada a bar mai naƙuda ko yaro ya mutu ana cinikin leda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan mutum 1 cikin 100 yana bayarwa, ƙasa za ta samu mafi ƙarancin abin da take buƙata. Ga Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, wannan ya haura leda miliyan 2 a shekara, kuma abin da ake tarawa bai kai nan ba. Akwai hukumar jini ta ƙasa da aka kafa da doka a 2021, akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai, kuma manyan asibitoci suna da ɗakunan ajiya da ke karɓar mai sa kai a ranakun aiki.

Tunda jajayen ƙwayoyi ba sa wuce mako 6, gangamin rana ɗaya a shekara ba ya riƙe asibiti. A watan azumi masu bayarwa sukan ragu, alhali haihuwa da hatsari ba sa hutu, kuma ana iya bayarwa da dare bayan an sha ruwa an ci abinci. Namiji yana iya bayarwa duk bayan wata 3, mace duk bayan wata 4. Wanda ya bayar ranar 14 ga Yuni zai iya komawa a tsakiyar Satumba, daidai lokacin da damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, gadajen sashen yara suka cika da masu zazzaɓi.